Mirofora da Takardar Mutuwar Ƙaninta

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na su Mirofora, kuma shekara biyu kacal ta ba ni, amma tun ranar da na fara koyarwa a makarantar ƙauyenmu, a nan tsibirin Kubrus, ta daina kiran sunana. Malama take ce mini. Sai na ɓata mata rai nake jin Evdokiya a bakinta, shi ma da jan murya, kamar mai kiran akuyar da ta shiga gonar mutane.

Ita karatunta bai yi nisa ba. Tana da shekara goma sha ɗaya mahaifiyarsu ta rasu wajen haihuwar ƙaninta Lefteris, aka bar ta da jinjiri da uban da ya fi sanin itatuwan inabinsa a kan 'ya'yansa. Da nonon akuya ta raine shi, cokali bayan cokali. Na sha ganinta ta laɓe a jikin tagar ajinmu da shi a kafaɗa tana sauraron darasi, har sai kukansa ya sa malami ya kore ta. Da ta girma manema sun zo, biyu dai na sani. Ɗayansu mai babbar mota ne daga birnin Limasol. Ta ce masa ta amince, amma da ƙaninta za ta tare. Ya ce shi mutum ɗaya ya zo nema. Ta ɗauke kofin da ke gabansa tun bai shanye ba, shi ke nan maganar aure ta mutu a gidan.

Lefteris ya tashi ƙato, mai faɗin kafaɗa, mai i'ina, ga sanyin hali. Saboda i'inar ba ya son magana cikin taro, shi ma kuma bai yi aure ba. Su biyu suka ci gaba da zama a gidan ubansu. Ita tana tatsar awakinta tana yin cukun halumi, matan gari suna rububinsa, shi kuma yana aikin gona, in kakar inabi ta zo ya koma masana'antar giya da ke gindin tudunmu. Abin dariyar shi ne, a garin da ko jariri ake ɗiga wa ruwan inabi a leɓe, Lefteris ba ya sha. Cikinsa ba ya karɓa. Kurɓi ɗaya ya taɓa yi a wani biki, ya kwana uku yana amai. Maza a shagon kofi suna tsokanarsa: "Ga sarkin ruwa nan ya iso! A kawo masa na rijiya, mai tsufa!" Ya yi murmushi ya zauna.

A watan Oktoba na shekarar 1998, ranar wata Laraba da la'asar, aka fito da gawarsa daga ɗaya daga cikin ramukan siminti da ake zuba ruwan inabi ya tsumu. Yana da shekara arba'in da biyar. 'Yan sanda biyu sun zo, likita ya zo, kafin rana ta faɗi duk sun tafi. Bayan wata biyu takarda ta iso. Mirofora ta kawo mini ita ta kan katanga, hannunta duk ruwan cuku.

Na karanta a zuci, na sake karantawa, ina neman yadda zan sassauta.

"Malama, karanta mini yadda take. Kar ki sa mata zuma."

Na karanta mata. An ce mamacin ya faɗa ramin ne cikin maye, ba hannun kowa, don haka ba a ga dalilin zaman bincike ba, an rufe magana.

Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannu a jikin zanen aikinta ta ce, "Wane mamacin? Ba dai nawa ba."

Abin da ya fi ci mata rai ba takardar ba ce, mutanen gari ne. Su da suka shekara ashirin suna yi masa dariyar rashin sha, cikin mako guda suka juya. Wannan ta ce ai masu shiru-shirun nan su suka fi sha a ɓoye. Wancan ya ce mutum yana wuni cikin giya, ai dole wata rana. Ba da mugunta suke faɗa ba, kawai dai takardar hukuma ta fi musu nauyi a kan abin da idanunsu suka gani.

Fada ne, limamin cocinmu, ya gaya mata cewa doka ta tanadi alƙali na musamman, wanda in mutuwa ta zo da ayar tambaya zai zauna a bainar jama'a, ya kira shaidu, dangin mamaci ma su yi tambaya. Tun da an riga an rufe, sai wani ofishi a Nikosiya, babban birninmu, ya ba da umarni kafin a buɗe. Da yammar ranar ta shigo mini ba sallama.

"Ɗauko alƙalaminki."

Wannan ce wasiƙa ta farko. Ta tsaya a kaina tana faɗa ina rubutawa, ina tace mata kalmomi, don in na rubuta yadda take faɗa da ni da ita duk sai an ɗaure mu. Amsa ta zo bayan wata biyar: an karɓi buƙatarki, ana dubawa. Muka sake rubutawa. Aka ce an tura fayil Limasol. Muka rubuta Limasol, aka ce an mayar Nikosiya. Daga nan ta ce takarda ba ta da fuska, ita za ta je da ƙafarta.

Na raka ta karon farko. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, muka hau motar asuba, muka sauya wata a Limasol. A hawa na uku na ofishin Nikosiya muka tarar da wani saurayi a bayan tebur, gashinsa sai ƙyalli yake yi. Ya zaro fom.

"Inna, mece ce ke a wurin mamacin? Matarsa?"

"A'a."

"Mahaifiyarsa?"

Ta girgiza kai. "Ni na raine shi."

"Babu wannan gurbin a nan. Mata, uwa, uba, ɗa, ko sauran dangi."

"To, sa ni a sauran," in ji ta. Muna saukowa daga bene ta kama hannuna ta ce, "Kin ji ko, Malama? Shekara arba'in da biyar, ashe saura ce ni."

Haka ta riƙa zuwa, sau uku ko huɗu a shekara, yawanci ita kaɗai tunda ina da aji. Ta san direbobin hanyar da sunayen 'ya'yansu. Ta ga an sauya shugaban ofishin sau uku, kowane sabo ya ce a ba shi lokaci ya san kan aiki. Wata shekara aka ce ruwa ya shiga ɗakin ajiyar takardu. Wata shekara aka ce dokar ce ake gyarawa, a jira. A shekara ta biyar amsa ta fito sarai: ba za a buɗe ba sai in akwai sabuwar hujja.

"Sabuwa?" in ji ta. "Tsohuwar sun duba ne?"

A ofishin akwai wata mata mai suna Skevi, mai buga takardu, wadda ta saba ganin Mirofora a kan benci tun safe da jakarta a cinya. Wata rana ta biyo ta har bakin titi, ta yi kamar taba ta fito sha, ta ce mata, "Goggo, ba ki ji daga bakina ba. Na buɗe fayil ɗin ƙaninki. Shafi huɗu ne duka-duka. Ba a taɓa gwada jininsa ba. Maganar maye daga bakin mai masana'antar ta fito, ɗan sanda ya rubuta, likita ya kwafa." Mirofora ta dawo gida kamar an sa mata sabbin ƙafafu. Muka rubuta muka ce a nuna mana sakamakon gwajin jini. Aka amsa cewa rashin wata takarda ba sabuwar hujja ba ce.

A lokacin, ba zan ɓoye ba, ni ma na gaji. Na ce mata, "Yaya, ki bar wa Allah. Shi ya san Lefteris bai sha ba, ke ma kin sani, ni ma na sani."

"Evdokiya," ta ja sunan har ƙarshe, "Allah ba shi ya rubuta takardar ba. Wanda ya rubuta shi zai goge. In hannunki ya gaji ki gaya mini, in je wurin Fada, duk da rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan laka."

Na ɗauko alƙalami.

Shekara goma da rasuwar, cikin bazara, da hantsi, mai shagon kofi ya buga ƙofata, fuskarsa ba jini. A bayansa wani baƙo ne siriri, ɗan shekara talatin da 'yan kai, riƙe da ƙunshi. Ya ce mini a hankali, "Malama, wannan daga Bulgariya yake. Lefteris yake nema, wai ya zo yi masa godiya. Duk shagon ba wanda ya iya buɗe baki. Ke ce mai ilimi, ke za ki san yadda za ki yi."

Ban san yadda zan yi ba. Na dai kai shi gidan Mirofora. Tana tsakar gida tana ninke halumi da ganyen na'ana'a. Baƙon ya cire hula, ya ce sunansa Radko, da guntun harshenmu da ya tsinta.

"Ina babban mutum? Mai magana ka-ka-ka? Na kawo masa kaya. Uwata ta saƙa."

Ya kwance ƙunshin. Rigar sanyi ce ta ulu, ruwan toka, ƙatuwa, wadda mutum biyu irinsa za su shiga. Mirofora ta dube ta, ta dube shi.

"Daga ina ka san shi, ɗan nan?"

"Shi ya fitar da ni daga rami."

Sai da na jawo mata kujera. Ta zauna, ta ce masa shi ma ya zauna, ta kuma gaya masa da bakinta, ba ta bar mini ba. Ta ce, "Yana maƙabarta tun ranar." Radko ya dafe kansa da hannu biyu ya durƙushe a ƙasa, yana wani irin kuka kamar na yaro. Ita ce ta ƙare da shafa masa baya.

Da ya natsu ya ba mu labari. Yana da shekara ashirin da biyu ya zo tsibirin Kubrus aikin kaka ba tare da takardun izini ba. Su huɗu ne irinsa a masana'antar, suna kwana a bayan ɗakin injin, ba sa shiga gari, shi ya sa ba wanda ya san da su. Ranar aka tura shi ya share ƙasan wani rami da aka kwashe. Inabi in yana tsumuwa yana fitar da wata iska marar wari mai shaƙe mutum da ke kwanciya a ƙasan ramin, duk ɗan ƙauyenmu ya san wannan, amma shi ba wanda ya gaya masa. Ya sauka, kansa ya juya, ya faɗi. Abin da ya iya tunawa shi ne wasu manyan hannuwa suna ɗaura masa igiya a ƙirji, da wata murya a kunnensa tana cewa, "Ri-ri-riƙe." Da ya farfaɗo yana bayan motar mai masana'antar. Aka ɓoye shi a wani ɗaki kwana uku, aka sa shi a jirgi. Ya tambayi babban mutumin, aka ce yana asibiti, ya samu sauƙi. Shekara goma yana sa masa kyandir a cocinsu, cikin kyandiran da ake kunna wa masu rai.

Bayan ya tafi, Mirofora ta yi mako guda ba ta leƙo katanga ba. Da na shiga na same ta zaune a bakin gadon Lefteris, rigar ulun tana shimfiɗe a kai.

"Na so in tsane shi, Malama," in ji ta. "Na gwada, kwana bakwai ina gwadawa. Shi yana yawo da ƙafarsa, nawa yana ƙasa. Amma da na rufe ido sai in ga wuyansa, siriri kamar na ɗan tsako. In ni ce a bakin ramin nan, ni ma sai na sauka." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Je ki nemo shi. Ba ya cin abinci, kin ga wuyan."

Radko ya samu aikin gini a Limasol, yanzu da takardunsa. Duk Lahadi yana hawowa. Ya gyara mata rufin ɗaki, ya sake shingen awaki, ita kuma tana ɗura masa abinci tana yi masa faɗan taba. Ya ba da shaidarsa a rubuce, muka aika, muna ganin an gama. Bayan wata takwas aka ce sai ya yi rantsuwa a gaban jami'i. Ya yi. Aka ce tunda da harshensu ya rubuta sai an fassara. Aka fassara, aka ce hatimin mai fassarar ba ya cikin waɗanda aka sani. A nan ne wata lauya, jikar wata ƙawar Mirofora, ta karɓi maganar, ta riƙa buga musu waya kullum kamar mai shan magani. Duk da haka sai da aka ƙara shekara uku.

An yi zaman a Limasol, cikin watan Mayu na 2011, kwana biyu. Alƙaliyar mace ce mai furfura, mai magana a hankali. Mai masana'antar ya riga ya rasu. Amma shugaban leburorinsa, Teodulos, yana nan, ya tsufa, yana dogara sanda. Shekara goma sha uku yana sauya hanya in ya hango Mirofora. Da aka rantsar da shi bai jira an matsa masa ba. Ya ce igiya ɗaya ce a wurin. Lefteris ya sauka da ita, ya ɗaura wa yaron, suka ja. Kafin su kwance su sake jefawa, Lefteris ya riga ya faɗi. Ya ce maigida ne ya ce kowa ya yi shiru game da baƙin, a ce an ji warin giya a bakin Lefteris. "Ina da 'ya'ya biyar a lokacin," in ji shi, sai kuma ya girgiza kai. "Wannan ba hujja ba ce. Na sani."

Alƙaliya ta juyo ta ce ko dangin mamaci suna da tambaya. Lauya ta fara miƙewa, Mirofora ta dafa ta. Ta tashi da kanta, tana riƙe da bayan benci.

"Teodulos."

"Na'am, Yaya."

"Ya ji tsoro?"

Tsohon ya ɗago ido ya dube ta, karon farko. "Ko takalmi bai tsaya cirewa ba. Na ce masa, Lefteris, jira a kawo fanka ta kore iskar. Ya ce, ya-yaro ne."

Ta gyaɗa kai ta zauna. Ba ta da wata tambayar.

Washegari alƙaliya ta karanta hukunci, shafi tara, cike da kalmomin shari'a. Da ta gama Mirofora ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta ta ce, "Ranki ya daɗe, a aji huɗu na tsaya. A faɗa mini yadda zan gane." Alƙaliyar ta cire tabarau ta ajiye.

"Ƙaninki bai sha komai ba, Inna. Ya sauka ne don ya ceci mutum, ya kuma cece shi. Haka za a rubuta."

"To," in ji Mirofora. "Na gode." Sai a lokacin ta yi kukan, a kafaɗata, har rigata ta jiƙe.

Ba a hukunta kowa ba. Ofishin Nikosiya ya aiko da wasiƙa mai layi biyu cewa an gyara bayanan, babu kalmar ban haƙuri ko ɗaya. Na fusata, ita kuwa ko a jikinta. Ta dafa alkamar sadakar mamaci da rumman da almon, tire uku, ta kai coci. Bayan addu'a Fada ya karanta shafin ƙarshe na hukuncin a gaban kowa. Mazan gari suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar alkamar a tafin hannu, kansu a ƙasa. Ba ta gori kowa ba. Teodulos ne kawai ya tsaya can nesa jikin itacen zaitun, sai ta ɗiba da kanta ta kai masa.

Da kaka ta zagayo mahaifiyar Radko ta aiko cewa tana son ganinta, ita kuma ƙafa ba ta barinta tafiya. Mirofora tana da shekara sittin da tara, ba ta taɓa ƙetare teku ba. Ta ce ba za ta je ba, wa zai tatsi awaki. Ta faɗi haka har sau uku, sannan ta tambaye ni irin takalmin da ake hawa jirgi da shi. Muka tafi tare. Tun daga tashi har sauka tana riƙe da hannuna tana kiran sunayen waliyyai, har da waɗanda ban taɓa ji ba.

Ƙauyensu yana gindin dutse, ya fi namu sanyi da ruwa. Tsohuwar, 'yar ƙarama mai suna Donka, tana jiranmu a bakin ƙofa a kan kujera. Radko ya gyara murya zai fara fassara, uwarsa ta kore shi da hannu. Ta kama fuskar Mirofora da tafukanta biyu, ta daɗe tana kallo, sannan ta sumbaci goshinta.

Kwana shida muka yi. Kullum da safe su biyu za su zauna a baranda da kwandon wake a tsakaninsu suna ɓarewa, wannan ta yi magana da harshenta, waccan ta amsa da nata, wani lokaci su fashe da dariya. Ba wadda ta san kalma goma ta 'yar'uwarta. Rana ta huɗu na kasa haƙuri.

"Yaya, wai me kuke cewa tun safe?"

"Hirar yara muke yi," in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga waken ba. "Nata ma bai yi tafiya da wuri ba. Matsa, Malama, kin tare mana rana."